Haɗa 'yar tsanar talabijin: soso, baki, ido da hannun mai wasa

Mai Shirin Yara:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ana shirin ɗaukar wani shirin yara na minti goma sha biyar-biyar, taurarinsa 'yan tsana uku ne masu motsa baki, irin waɗanda ake zura hannu a ciki. Tela ya ɗinka ta gwaji guda ɗaya. A ido tana da kyau, amma da aka ɗora kyamara sai abu uku suka bayyana: kan yana lotsawa duk lokacin da aka buɗe baki, idon ba ya kallon kowa, kuma mai wasan ba ya iya minti uku hannu a sama. Masana, daga ina gyara zai fara? Ko a watsar da soso a koma roba irin ta Turawa?

Baba Mai Almakashi:
Wa alaikumus salam. Kada ku watsar da soso. Alamu ukun nan duk tushensu ɗaya ne: an fara da jiki da kaya, aka bar baki a ƙarshe. A wannan sana'ar da farantin baki ake farawa, a gina kai a kansa.

Farantin baki shi ne abu mai tauri da ke cikin bakin, wanda yatsu huɗu ke riƙe samansa, babban yatsa na riƙe ƙasansa. Da hannun wanda zai yi wasan ake aunawa, ba da hannun tela ba. A ɗora tafinsa a takarda a zana. Ga babban mutum, rabin sama yakan kama santimita 9 zuwa 10 a tsawo, na ƙasa 7 zuwa 8, faɗi kuma 11 zuwa 13. A bar tazarar santimita ɗaya tsakanin rabi biyun, a haɗe su da ƙyallen jins ko fata mai laushi, nan ne mahaɗin buɗewa da rufewa. In ba a bar tazarar ba, da zarar an lulluɓe da yadi bakin ba zai rufe ruf ba.

Kwali ba ya yi. Gumin hannu zai jiƙa shi cikin kwanaki ya zama kamar tuwon da ya kwana a ruwa. A nemi robar gaskit ta injin mota, ko robar da masu takalmi ke yanka tafin silifas mai kaurin milimita 3 zuwa 4, ko a yanko gefen jarkar roba a goge bakinta da samfefa. Jarka tana ba da baki mai tauri da ke amsa hannu nan take. Gaskit tana lanƙwasa, don haka mai wasa zai iya murguɗa baki ko ya yi murmushin gefe ɗaya. Ku zaɓa gwargwadon halin da kuka ba 'yar tsanar.

Abin da ke sa kanku lotsawa shi ne babu mariƙin yatsu. A saman farantin a manna bututun soso ko madaurin lastik mai faɗi wanda yatsu huɗu za su shige su matse, a ƙasa a yi wani ƙarami na babban yatsa. In yatsu suna yawo a ciki, mai wasa sai ya riƙa dannawa da ƙarfi don ya kama, shi ne soson ke bin hannun yana lotsawa, shi ne kuma rabin gajiyar da kuke gani.

Hajiya Mai Ɗinki:
Baba ya gama magana a kan baki. Ni bari in ɗora da ƙoƙon kai.

Soson katifa mai kaurin rabin inci, wato milimita 12, shi ne na aiki. Ba a sassaƙa kai daga dunƙulen soso sai in dole, don nauyi yake yi kuma babu iska a ciki. Shimfiɗaɗɗen soso ake yankawa a manna gefe da gefe ya tashi ƙoƙo mai rami.

Hanyar fitar da zanen yanka: a gina ƙaramin kai da yumɓu kamar girman lemo, a naɗe shi da leda, a bi da salatif na takarda hawa biyu. A ja layi daga tsakiyar goshi zuwa ƙeya, a yi aiki da rabi ɗaya kawai don ɓangarorin biyu su fito daidai. A yanke salatif ɗin a ɓare, duk inda ya ƙi kwanciya a takarda a tsaga shi har ya kwanta. Waɗannan tsagogin masu kama da bakin kibiya su ne za su ba soso kumburinsa in an manne su. Sai a kai wurin masu hoton takarda a ƙara girma ninki biyu da rabi ko uku, a gwada da takarda a kan farantin baki kafin a taɓa soso.

Wajen yanka, sabuwar reza, a riƙe ta a miƙe tsaye. Yanka a tsaye shi ke ba da haɗi mai zagaye. In ana son kusurwa mai kaifi, kamar haɓa ko ƙashin gira, sai a karkatar da rezar rabi. Reza tana dakushewa da wuri a soso, da ta fara jan soson maimakon ratsa shi a canza ta. Kuma don Allah kar wanda ya yanka soson katifa da waya mai zafi, hayaƙinsa guba ne.

Gam kuwa na masu takalmi, irin su Evo-Stik. A shafa siriri a gefe biyun, a jira har ya daina bin yatsa, sannan a haɗa daga bakin waje zuwa ciki. Masu gaggawa suna haɗawa da ɗanyen gam, ya jiƙe cikin soson, ya bushe ya zama tauri, sai ka ga layin haɗin ya fito ta cikin yadi. A yi aikin a waje ko bakin taga.

Ɗan Kyamara:
Kafin a yi nisa, Malam Mai Shiri, tambaya ɗaya: masu wasanku suna da talabijin ɗin dubawa a gabansu? In babu, ko Baba da Hajiya sun haɗa muku wadda ta fi kowace kyau, idon ba zai kalli kowa ba.

Mai Shirin Yara:
Babu. Darakta ne ke faɗa musu su ɗaga ko su sauke.

Ɗan Kyamara:
To nan rabin matsalar take. Abin da Jim Henson, shahararren mai 'yan tsanar talabijin, ya kawo tun shirinsa na farko a 1955 a Amurka shi ne ya jefar da akwatin da masu 'yan tsana ke ɓuya a baya, ya mai da gefen hoton kyamara ya zama shi ne maɓoya. Duk abin da ke ƙasa da layin hoto babu shi. Wannan ba ya yiwuwa sai mai wasa yana ganin abin da kyamara ke gani a daidai lokacin. Shi ya sa suke ajiye ƙaramin talabijin a ƙasa, hannu na sama, ido na ƙasa. Caroll Spinney, wanda ya shafe kusan shekara hamsin cikin rigar ƙaton tsuntsu Big Bird na shirin yaran Amurka Sesame Street, ƙaramin allo ne ɗaure a ƙirjinsa a cikin rigar, hannun damansa a miƙe sama cikin kan tsuntsun. Ba ya ganin waje sai ta allon.

Abin da za ku tanada: talabijin inci 19 zuwa 24 ga kowane mutum biyu, a jingine a ƙasa a karkace, a jawo hoto da wayar HDMI daga kyamara ta cikin na'urar raba hoto. Kada ku yi amfani da wayar salula ta hanyar wayfai. Muna ɗauka a hoto 25 cikin daƙiƙa, kowane hoto ɗaya daƙiƙa 0.04 ke nan. Jinkirin hoto biyu ana jurewa. Ya kai biyar ko shida, mai wasa zai ga bakin yana bin muryarsa a baya, sai ya rikice ya fara gyara abin da ba shi da laifi. Talabijin na gida ma suna da nasu jinkirin, a shiga saitinsu a kashe duk abubuwan gyaran hoto, in akwai yanayin wasan gem a sa shi. Gwaji mai sauƙi: a tafa hannu a gaban kyamara ana kallon allon.

Gizon Dandali:
Ƙari a kan maganar Ɗan Kyamara: allon nan ba madubi ba ne. Ka kai hannu damanka, 'yar tsana ta tafi hagun allo. Sabon shiga yakan yi mako biyu ko uku yana karo da abokin wasansa kafin ƙwaƙwalwa ta juya.

Injiniya:
Wannan ai mai sauƙi ne. Yawancin allunan dubawa suna da wurin juya hoto ya koma kamar madubi. A juya musu kawai a huta, me ya sa za a wahalar da yara?

Gizon Dandali:
Malam Injiniya, ana yi, amma ban goyi baya ba. Darakta da mai kyamara suna kallon hoton gaskiya. In darakta ya ce a matsa hagun hoto, mai kallon juyayyen allo zai tafi kishiyar wurin. Rubutu a allo, kamar harafin da ake koya wa yara, zai fito masa a juye. Sannan duk ranar da ya je wani dandalin da ba a juya ba, ya koma ɗan koyo. Wahalar mako uku ce, a sha ta sau ɗaya.

Injiniya:
Na karɓi ta rubutun. Amma in baƙo ne aka kawo ya riƙe 'yar tsana ta bayan fage na yini ɗaya, ni dai zan juya masa nasa allon.

Gizon Dandali:
Wannan kam babu laifi.

Baba Mai Almakashi:
Mu dawo kan ido, don ko da allo, idon da aka manna ba daidai ba ba zai kalli kyamara ba. Don Sahlin, wanda ya gina wa Henson da yawa daga 'yan tsanarsa, an san shi da kula da kusurwa ukun da ke tsakanin ido biyu da hanci da baki. Ido ne ake sawa a ƙarshe, kuma ba a manna shi sai an gwada a kyamara.

Ƙwayar baƙin ba a tsakiyar farin take zama ba. A matso da kowace ɗan ciki wajen hanci, a ɗan sauke ta ƙasa, kamar mai ɗan harara-garke kaɗan. In aka sa su a tsakiya cif, kowane ido zai kalli gabansa, 'yar tsana ta zama kamar ta suma. Yadda ake yi: a yanko baƙaƙen da'irori na takarda, a liƙa da ɗan salatif, a tsaya nisan da kyamara za ta tsaya, mita biyu ko uku, a riƙa matsar da su milimita ɗaya-ɗaya har a ga ta kafe mutum da ido a allon. Sannan a yi alama da fensir a manna na gaske. Babbar ƙwaya tana ba da yarinta da sanyin hali, ƙarama tana ba da firgici ko wauta.

Farin idon: ƙwallon tebur mai milimita 40 a raba biyu, ko bayan cokalin roba ga mai dogon ido. Kermit, kwaɗon nan na Henson, na farkonsa ma da ƙwallon tebur aka yi idonsa, jikin kuma tsohuwar kwat ɗin mahaifiyar Henson. A goge ƙyallin da samfefa mai laushi, in ba haka ba fitila za ta haska a kai ta cinye ƙwayar. Fatar ido ta sama, ko da siririn yadi ne ya rufe kashi ɗaya cikin huɗu na farin, tana kawar da zazzare ido.

Hajiya Mai Ɗinki:
Saura fata. Abin da ƙwararrun waje ke amfani da shi wani yadi ne na nailan mai gashi-gashi da ake kira Antron, yana shan rini kuma yana ɓoye ɗinki. Samunsa a nan sai an yi oda. Madadinsa yadin bargo mai laushi ko rigunan sanyi na gwanjo, a Kofar Wambai ko Kantin Kwari ba a rasawa. Sai dai a sani, yawancinsu foliyesta ne, ba sa kama rinin da muka saba da shi. A sayi launin da ake so tun farko, kuma a sayi wanda zai isa 'yar tsana biyu, don ranar gyara ba za a sake samun irinsa ba.

Yadin yana miƙewa ta gefe ɗaya fiye da ɗayan. A sa miƙewar ta zagaye kai, daga kunne zuwa kunne. A yanka shi ya ɗan fi soson ƙanƙanta don ya kama jiki ba tattara, amma in ya matse da yawa zai riƙa janye baki ya bar shi a buɗe. Ɗinkin fuska da hannu ake yi, ɗinkin ɓoye mai kama da tsani, tazarar milimita 2 zuwa 3, zare launi ɗaya da yadin. In an gama a bi layin da bakin allura ana tsokano gashin da ya maƙale, layin sai ya ɓace. Keken ɗinki na jiki ne da hannaye.

Mai dogon gashi kuma, irin na kura ko biri, ta baya ake yanka shi da reza, ƙyallen kawai, ba a sa almakashi ya datse gashin. Kwanciyar gashi ta bi daga hanci zuwa ƙeya, daga kafaɗa zuwa ƙasa.

A ciki a sa shafi na auduga tun daga farantin baki har gindi, zagayensa santimita 36 zuwa 40 don hannu ya shiga ya juya. Soso kai tsaye a kan fata yana shan gumi, ya yi wari, ya ruɓe.

Kayan sawa: a guji atamfa ko yadi mai ƙananan layuka a jere, suna rawa a kyamara. Fari fat da baƙi ƙirin ma suna wahalar da mai haske. Hula ko ɗankwali a ɗinke su a kai, kada a dogara da fil.

Ɗan Damagaram:
Ina biye da ku daga Nijar. Abin nan ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, 'yan dabo sun daɗe suna zama ƙarƙashin babbar riga da aka kafa a kan sanduna suna fito da 'yan tsana ta wuyan rigar. A Binuwai kuma Tibi suna da nasu wasan 'yan tsana, Kwagh-hir, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2019. Bambancin da talabijin shi ne kusanci: ɗan kallo a fili yana nesa, kyamara kuwa tana shiga har cikin ɗinki.

Tambayata a kan roba ce. Mu nan mun taso muna ganin Les Guignols, shirin 'yan tsana na tashar Canal+ ta Faransa, da aka fara a 1988, fuskokin 'yan siyasa sak. Kenya ma sun yi XYZ Show daga 2009. Waɗannan ai ba soso da bargo ba ne. Me zai hana Mai Shiri ya bi wannan hanyar?

Injiniya:
Waɗannan da irin su Spitting Image na Ingila, 1984, robar latas ce, wato ruwan bishiyar roba, ake zubawa a mazubi. Aikin daban ne gaba ɗaya. Za a sassaƙa kan da yumɓu, a zuba masa filasta a fitar da mazubi gida biyu, a yi wani ƙoƙon ciki wanda zai bar tazarar kaurin fatar. Latas mai kumfa kuma haɗi huɗu ne ko biyar da ake aunawa da sikeli mai gram, a buga da injin buga ƙwai, a zuba kafin ya kama, a gasa a tanda wajen digiri 85 na awa uku ko fiye. Tandar ba a sake gasa abinci a cikinta. Matsalarmu a nan zafi: lokacin kamawarsa yana bin zafin ɗaki da damshin iska. A bazara, in babu na'urar sanyaya ɗaki, zai iya daskarewa a kwano kafin a kai mazubi. Bayan an gama kuma rana da zafi suna cinye shi, ya bushe ya farfashe, jan ƙarfe ma yana ɓata shi in sun haɗu.

Yoda na fim ɗin Star Wars na 1980, wanda Stuart Freeborn ya gina Frank Oz ya yi wasansa, irin wannan robar ce, kuma sai da aka ɗaga daɓen dandalin sama don masu wasa su shige ƙarƙashi. Ƙaton dabban fim ɗin Jurassic Park na 1993 da Stan Winston ya gina, fatarsa ta sha ruwan saman da aka yi masa a dandali, nauyinta ya ƙaru har injin ya riƙa karkarwa, ana tsayawa ana tsane shi da tawul. In masu wannan kuɗin sun sha haka, shirin yara mai 'yan tsana uku ba shi da dalilin shiga.

Silikon, wani nau'in roba, ya fi jure zafi kuma ya fi kama da fatar mutum, amma nauyi gare shi, hannu a sama ba zai ɗauka ba. Wanda ake haɗawa da filatinam kuma ba ya kamawa in ya taɓa yumɓu mai farar wuta ko safar hannu ta latas, sai a buɗe mazubi a tarar da shi yana danƙo.

In ana son ƙarin rai a fuskar soso, ƙifta ido ya isa. Fatar ido a kan lanƙwasasshiyar waya mai juyawa, wayar birkin keke ta bi ta cikin wuya ta sauko, ƙaramin sifirin ya mayar da ita. Mutum na biyu ya riƙe hannun birkin yana kallon allo. Ba batir, ba mota, in ta lalace mai gyaran keke zai gyara.

Baba Mai Almakashi:
Ko ƙiftawar ma ni ban cika so a ta farko ba. Duk abin da aka ƙara a kai nauyi ne. In kan da jikin suka haura kilo ɗaya, a rage wani abu. Kermit ba ya ƙifta ido, wa ya taɓa cewa ba shi da rai?

Hannaye su ne ba a taɓo ba. Iri biyu ne. Akwai mai sanda: siririn ƙarfe a wuyan hannun 'yar tsana, mai wasa ɗaya ya riƙe duka biyun da hannun hagu. Akwai mai safa, irin Ernie da Cookie Monster na Sesame Street, inda hannun mutum ne a ciki. Wannan tana iya ɗaukar kofi ko alli, amma mutum biyu take ci: babban mai wasa ya yi kai da kuma hannun hagun 'yar tsanar, mataimaki ya manne a gefensa ya yi hannunta na dama. Ku duba rubutun shirinku. Wadda za ta riƙa ɗaukar kaya ita kaɗai za a yi wa safa.

Sanda: ƙarfe mai tsalle da ba ya lanƙwashewa, kaurin milimita 2 zuwa 2.5, tsawon santimita 40 zuwa 45. Ƙarfen tsohuwar lema yana yi. Wayar rataye kaya ba ta yi, tana lanƙwashewa ta zauna a haka. Mariƙi na katako mai tsawon santimita 10, a huda a zura da gam mai haɗi biyu. A fesa baƙin fenti marar ƙyalli. A cikin tafin, a lanƙwasa bakin ƙarfen ya zama zobe a ɗinke shi tsakanin roba biyu, in ba haka ba zai huda yadin ya fito. Yatsu kuma wayar alminiyam milimita 1.5, a naɗe bakin kowace, don a iya lanƙwasa su su nuna abu ko su riƙe. Hannun kansa kada a cusa masa auduga dam, a bar gwiwar hannu da kafaɗa babu komai a ciki, ɗinki ɗaya ya raba.

Gizon Dandali:
Yanzu wasan kansa. Kuskuren farko na kowa: ɗaga yatsu huɗu sama. In aka yi haka kan ne ke tashi, ido ya bar kyamara ya kalli rufi a kowace kalma. Mutum haɓarsa ce ke sauka in yana magana. Don haka babban yatsa ne ke aiki, yatsu huɗu su tsaya, wuyan hannu ya ɗan tura gaba a kan kalmar da aka nanata. Atisaye: a sa tafin hannu ƙarƙashin tebur, bayan yatsu na taɓa katakon, a yi ta magana da babban yatsa kaɗai minti biyar kullum.

Na biyu: rufe baki a kan gaɓa maimakon buɗewa, kamar tana cizon kalmomin. Baki yana buɗewa ne tare da wasali.

Hausa tana da nata sauƙin a nan, don gaɓoɓinmu a fili suke, amma ba duka ake ba buɗewa ɗaya ba. Ɗauki "Assalamu alaikum", gaɓa bakwai. In aka buɗe bakwai ɗin daidai wa daida, sai ta zama kamar injin. Gaɓa mai dogon wasali ko mai tagwan wasali ita ke samun cikakkiyar buɗewa: "la" da "lai". Sauran rabin buɗewa ko ƙasa da haka. Sannan "kum" dole baki ya rufe ruf a kan "m". Haka duk inda b, ɓ, m da f suka zo, leɓe ne ke haɗuwa, kuma yaro mai kallo zai gane in an ce "Baba" baki a hangame. In jimla ta ƙare, a rufe baki. Sababbi suna mantawa su bar shi a sake yayin da ɗayan ke magana.

Wadda ba ta magana ita ma tana aiki: ta kalli mai magana, ta ɗan gyaɗa, ta yi numfashi da ɗan motsin hannu sama da ƙasa wanda bai kai santimita ɗaya ba. Shigowa fage, a fara daga nesa da ƙasa a hau taki uku ko huɗu kamar ana hawa matakala, fita kuma a sauka haka. Tafiya, kowane taki ɗan sauka da tashi tare da ɗan karkata, ba shawagi ba.

In Gizo na cikin taurarinku, ku tuna da tsamin bakinsa na tatsuniya, mai muryar ya saba da shi tun wajen atisaye don bakin ya bi. Ƙafafu takwas kuma kada a ce duk za a motsa. Biyu na gaba a sanda, sauran a sa musu siririn sifirin a ciki su riƙa rawa da kansu.

Sarkin Sauti:
Ta ɓangarenmu abu biyu. Makirfo ba a rataye shi sama kamar na 'yan fim, don bakin mai maganar yana ƙasa yana kallon allo. Ƙaramin makirfo ake ɗaurawa a madaurin goshi ko gefen kunci. A ƙirji yana kwasar gogar riga, tunda hannu a sama yake. Na biyu, farantin jarka yana ƙara "ƙwas-ƙwas" in ya rufe. A shimfiɗa masa yadi mai kauri a ciki, ja mai duhu ko baƙi, ƙarar za ta mutu.

Wasu suna naɗar murya tun farko a sa masu wasa su bi. Ga waƙa haka ya fi. Ga hira kuwa murya kai tsaye ta fi rai, don hannu da murya daga mutum ɗaya suke fitowa a lokaci ɗaya.

Ɗan Kyamara:
Maganar gajiyar hannu, gini ya rage rabi, dandali zai rage saura. Mafi kyau mai wasa ya tsaya a tsaye, hannu a miƙe sosai kusa da kunne. Hannun da aka lanƙwasa a gwiwa ya fi saurin mutuwa, kuma shi ke sa 'yar tsana ta riƙa nutsewa a hoto tana jingina gefe. Ke nan katangar da ke gabansu za ta kai santimita 170 zuwa 180, kyamara ta hau daidai idon 'yar tsana, bangon baya ma a ɗaga shi. In akwai ɗan wasa mutum a tare da su, a yi masa dakali mai tsayin kusan mita ɗaya, mai faɗi da makari a gefe don kada ya taka iska. In rufin ɗakin gajere ne, a zauna a kujeru marasa jingina masu taya, amma tafiya ba za ta yi kyau kamar ta tsaye ba.

Masu wasa ba tsayinsu ɗaya ba. Gajere a sa masa takalmi mai tudu ko akwati, dogo ya ɗaura baƙin ƙyalle a kai ya sunkuyar, don tsakar kansa ce ke fara leƙowa a ƙasan hoto. A liƙa salatif a allon dubawa daidai inda hoto zai yanke.

Kowace ɗauka kada ta wuce minti biyu zuwa uku, a sauke hannu tsakani. Ba a barin mai wasa hannu a sama ana gyara fitila, a yi sandar tsayawa a ɗora 'yar tsanar a kai.

Gilashin kyamara mai faɗin gani ya fi dacewa, yana sa ɗan matsowa gaba ya zama babban motsi, ƙaramin ɗaki ya yi zurfi. A sa fitila ɗaya daga baya ta zana gefen gashin. In za a yi koren bango, wanda ake musanyawa da wani hoto wajen tacewa, kada a sami kore a jiki ko kaya, kuma dogon gashi yana wahalar da mai tacewa. Wutar lantarkinmu mai bugu 50 ce cikin daƙiƙa, a ɗauka a hoto 25, a sa saurin rufewar kyamara ɗaya bisa 50, in ba haka ba fitilu masu araha za su riƙa rawa a hoto.

Mai Shirin Yara:
Allah ya saka da alheri. Abin da na fahimta: a kwance ta gwajin, a fara daga baki. Tambaya ta ƙarshe, ajiya fa? Za a ɗauki shirin a kan wata shida, daga bazara har damina.

Hajiya Mai Ɗinki:
Abokan gabarku zafi, gumi, ƙura da ɓera. Kada a bar ta a cikin mota a rana ko sau ɗaya, gam ɗin takalmi yana saki, gam ɗin kyandir da ake narkawa da bindiga ya fi shi saurin saki, shi ya sa ba a riƙe farantin baki da shi. Bayan kowane aiki a juyo shafin waje gwargwadon iko, a fesa sifirit mai kashi 70 kaɗan a ciki, a sa gaban fanka ta bushe kafin a rufe. Mai wasa ya sa doguwar safar auduga, a wanke safar kullum. Ba a tsoma kan a ruwa. Datti a fuska, ɗanyen ƙyalle da ɗan sabulu, a dangwala, kada a goga.

A ajiye ta a tsaye a kan sanda mai dunƙulen soso a sama, baki a rufe da ɗan ƙyalle a tsakani, a lulluɓe da jakar auduga. Leda a damina funfuna take kawowa. A cire sandunan hannu in masu cirewa ne, in ba haka ba a ɗaure su a jiki.

Baba Mai Almakashi:
Kuma tauraruwar cikinsu a yi mata biyu tun yanzu, daga zane ɗaya da yadi ɗaya, a rana ɗaya a sa musu ido. Soson katifa yana fara gari bayan 'yan shekaru, a zafinmu ma ya fi sauri, don haka zanen yankan a kwafe shi a kwali mai kauri, a rubuta sunan kowane yanki da inda yadi ke miƙewa. Akwatin gyara a dandali: allura mai lanƙwasa, zaren kowane launi, ƙwayar ido ta ajiya guda huɗu, sanda biyu, filaya, reza, ƙaramin gwangwanin gam, da burushin haƙori na taje gashi kafin kowace ɗauka.

Injiniya:
A ƙara da wayar HDMI ta ajiya. Ana taka ta a ƙarƙashin dandali, ita ce ke fara mutuwa.